Filasta a Lafiyayyen Ido

Babana ya yi fama da gwaiwa tun ina ƙarami. Yau ga shi na rubuta kalmar, amma na girma, na yi aure, har na haifi 'ya'ya biyu ban taɓa furta ta a gaban mutum ba.

Tafiyarsa ba irin ta sauran maza ba ce. Ware ƙafa yake yi, yana takawa a hankali, ko gona zai je sai ya sa riga mai faɗi har ƙasan gwiwa. Kekensa ya jingine shi a bayan rumbu har tayoyin suka ruɓe. A masallaci kuwa sahun ƙarshe yake tsayawa, jikin bango, don kada ya takura wa kowa wajen sujada. Ƙauyenmu yana gabas da Zakirai kaɗan, inda gonar wannan take manne da ta wancan, ko tari ka yi a gindin ɗorawarka maƙwabci zai ce maka sannu. Don haka kowa ya sani. Sai dai sani ne na ido, manya ba sa faɗa. Yara ne suke faɗa, su da bakinsu ba linzami. Duk ranar da muka yi faɗa a filin ƙwallo sai a ce min ɗan mai tulu, in dawo gida da fasasshen leɓe, Inna ta tambaye ni dalili in ce faɗuwa na yi.

Na yi karatu na zama malamin makaranta, na kama haya a unguwar Bacirawa cikin Kano. Ranar Juma'a in zan je gida sai na sa shadda mai guga, na soke biro biyu a aljihu, ja da shuɗi, ko da babu abin da zan rubuta. Mutanen ƙauyenmu suna ce min Malam, ni kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Shi ma Baba Malam yake ce min, don ni ne ɗan fari, ba ya faɗar sunana.

Wata shekara, ana dab da girbin dawa, Inna ta kira ni ta wayar maƙwabta. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, sannan ta ce, “Babanku fa abin nan ya hana shi sakat. Fitsari ma ɓata masa tufa yake. Sati biyu ke nan a ɗaki yake salla.”

Akwai wani nas da muke salla masallaci ɗaya a Bacirawa. Na tare shi bayan la'asar na ce wani dattijo ne, maƙwabcinmu a ƙauye, yake da kaza da kaza. Ya ce ai wannan aikin kullum ne a asibitinsu, in kawo shi ranar Talata. Ka ga tun daga nan na fara ƙarya, tun ba wanda ya matsa min.

Abin da ya sa, a wajenmu gwaiwa ƙaddara ce, wanda Allah Ya ɗora wa sai ya ɗauka, ba a yi masa gori a fili. Aikin asibiti shi ne abin magana. An yi imani duk wanda aka sa wa wuƙa a wannan wurin, ɗayan biyu ne: ko dai ba zai tashi ba, ko ya tashi an mai da shi taure. Ni na san ba gaskiya ba ne, ko in ce rabin zuciyata ta sani. Amma da na tuna majalisar bakin masallaci, na hango yadda za a riƙa ƙus-ƙus in na wuce, ana cewa ga ɗan wanda aka dandaƙe a birni, sai na ji gara komai da wannan. Na tsara abina tsaf. Zan ce yanar ido za a cire masa. In daga baya aka ga abin ya sace, sai a ce wani magani aka dace da shi.

Na je ƙauye na kwana, ranar Talata da aka idar da sallar asuba na sa Baba a mota. Duk wanda muka haɗu da shi a hanyar tasha na ce masa ido ne.

Likitan matashi ne, ban girme shi ba. Ya ce in tsaya in taimaka wa Baba hawa gado. Na tsaya, amma fankar sama na ƙura wa ido. Ya sa aka saki labule, ya ɗauko 'yar tocila ya haska ta bayan kumburin, ya ce in duba. Na duba da gefen ido. Hasken ya ratsa, wurin ya yi ja.

“Ruwa ne,” in ji shi. “Alhamdu lillahi. Akwai wadda hanji ne yake saukowa ta wata kafa a mara. Ita ce mai haɗari, don ran da ya maƙale ya ƙi komawa, in ba a yi gaggawa ba sai a rasa mutum. Dukansu muna yi a nan.”

Na zaci Baba zai rufe fuska don kunya. Ina! Sai ya gyara kwanciya ya ce, “To likita, tsakaninka da Allah, in kun gama zan tashi da kayana cif?”

Likitan ya yi dariya har da dafa gado. “Baba, ruwan za mu zubar, mu gyara jakar da take tara shi don kada ya dawo. Ko ƙwayar gero ba za mu ɗauke maka ba.”

“To bismilla,” in ji Baba.

Ranar Alhamis aka shiga da shi tiyata. Allura aka yi masa a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, sama kuwa idonsa biyu. Ya ba ni labari daga baya cewa har aka gama hira yake da nas-nas ɗin a kan irin dawar da ta fi jure fari. Ni ina waje ban gama jan carbi na uku ba aka turo shi. A ɗakin da aka kwantar da shi maza ne wajen takwas, kowa ɗaure da zanin matarsa, suna tafiya a tattale kamar 'yan kaciya, suna tsokanar juna. Wani mahauci yana rantsuwa tasa ta fi ta kowa, ya kamata a ba shi shaida a rubuce. Ban taɓa jin Baba yana dariya irin ta kwanakin nan ba. Ni kuwa a gindin darbejiyar bakin ƙofa nake wuni, na juya wa hanya baya, kada wani uban ɗalibina ya gan ni a ƙofar wannan ɗakin.

Da aka sallame mu, na tsaya a kemis na sayi auduga da filasta, a tasha kuma na sayi baƙin tabarau. Muna dab da shiga gari na ce da direba ya ɗan tsaya.

“Wannan kuma na mene ne?” in ji Baba.

Na yi masa bayani, ina magana da sauri, ina sa Turanci a ciki don ya ji abin da nauyi. Sai ya cire hula ya miƙo min fuska.

“To, Malam. Kai ne mai ilimi.”

Na manna masa auduga a idon hagu, idon da yake hango akuya a cikin wake tun daga gonar wani.

Wanda bai san dubiya a ƙauyenmu ba ba zai gane abin da na jawo mana ba. Ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Aka shimfiɗa wa Baba katifa a soro, na lulluɓe shi da bargo daga ƙirji zuwa ƙafa, mutane suka fara zuwa ayari-ayari. Maza su zauna su yi addu'a, mata su leƙo daga bakin ƙofa su aje kunu ko fura ko ƙwan zabi. Kowa kuma likitan ido ne. Wannan ya ce a ɗiga zuma, wancan ya ce kada ya kalli wuta, wata ta aiko da kwalli na Makka. Liman ya zo ya tofa a hannu ya shafa a kan filastar. Baba yana ta amin, amin. Addu'ar gari guda ta ƙare a kan idon da bai yi komai ba, wurin da aka yanka kuwa ko sannu bai samu ba.

Rana ta biyu na canja audugar da gaggawa saboda an yi sallama. Wata tsohuwa ta ƙura masa ido ta ce, “Ikon Allah! Jiya ba na hagu ba ne?” Na ce ai likita ne ya ce a riƙa hutar da su bi da bi. Ta ce lalle boko ya yi nisa. Da ta fita Baba ya yi dariya har ɗinkin ya motsa, ya riƙe mara yana salati. Ni ma na yi dariyar. A lokacin wasa na ɗauki abin.

A rana ta uku Baffa ya zo. Ba ƙanin Baba ba ne na jini, amininsa ne tun suna kiwon awaki, gonarsu iyaka ɗaya. Shi ya yi min huɗuba da aka haife ni, shi ya karɓo min aure. Mutum ne dogo, mara yawan magana, kullum da ɗamara a ƙugunsa ko ba aiki yake ba. Ya ƙi zuwa cikin ayari. Sai da ya daidaici bayan azahar, lokacin da soron ya yi shiru, daga ni sai Baba.

Suka gaisa. Ya ce kada Baba ya damu da dawa, shi da yaransa za su yanke, su ɗaure, su kawo har bakin rumbu. Ya ɗauki wani tsinke yana zane a ƙasa. Na lura ba filastar yake kallo ba, bargon yake kallo.

“Wai ni kam,” ya ce ƙasa-ƙasa, “idon ne kawai aka yi? Ko an haɗa da... ɗaya wajen?”

Na ga Baba ya motsa, ya buɗe baki. Na tari numfashinsa.

“Ido ne kawai, Baffa.”

Ya ɗago ya dube ni. “Na ce ko tunda an je...”

“Ido ne kawai. Wancan ai ba abin da ake taɓawa ba ne da girma irin nasu.”

Wallahi ban san daga ina wannan jimlar ta biyu ta fito ba. Ba ta cikin shirina. Na ƙara ta ne kawai don in toshe zancen, yadda ake cusa tsumma a bakin tulu. Baffa ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, “Haka ne. Haka ne kuwa. Kai ka san asibiti.” Ya yi addu'a, ya dafa bango ya miƙe, ya sa takalmi ya tafi.

Baba bai ƙaryata ni ba. Ba zai mai da ɗansa maƙaryaci a gaban baƙo ba, ko da baƙon Baffa ne. Sai da sawun ya ɓace ya cire tabarau ya aje.

“Shi ma?”

“Baba, asirinka nake rufawa.”

“Nawa ko naka?”

Na yi kicin-kicin da fuska na ce in an faɗa wa mutum ɗaya an faɗa wa gari. Ya ce shi ke nan, in ya miƙe zai sami Baffa a gona ya gaya masa da bakinsa, wannan ba maganar aike ba ce. Washegari na koma Bacirawa, raina fes, ina ganin na yi dabara.

Kwana goma sha ɗaya a tsakani aka kira ni ina cikin aji. Baffa ya rasu.

Abin da na tarar shi ne, yana ɗora damin dawa a amalanke, dawar Baba, sai ya dafe mara ya durƙusa. Ya ce da yaransa ba komai, murɗa ce. Ya kwana biyu a ɗaki yana amai, ana ba shi jiƙo, ya hana a kira kowa, ya hana a ɗaga masa riga. Sai da ya daina gane mutane aka nemo mota. Ba su kai Kano ba.

Baba ne ya yi masa wanka, don sun yi wa juna wannan alkawarin tun da daɗewa. Ya shiga da sandarsa da filastarsa. Da ya fito babu filastar, fuskarsa kuma ta zama wata iri. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Sai a hanyar dawowa daga maƙabarta, da muka rage mu biyu a baya saboda ba ya iya sauri, ya yi magana, idonsa a kan hanya.

“Irin ta hanjin ce. Ɗamarar nan da yake yi, ita yake tare ta da ita. Shekara nawa muna noma kafaɗa da kafaɗa, ban sani ba.”

Ya dogara sandarsa muka ci gaba da tafiya.

Ranar sadakar uku an cika ƙofar gidan Baffa, tabarmi har bakin hanya. Baba ya zo da wando da 'yar riga daidai jikinsa, ya zauna a tsakiyar mutane ya tanƙwashe ƙafa, zaman da ban taɓa ganin ya yi ba tunda nake. Wani ya tambaye shi yaya idon. Ya yi gyaran murya.

“Idona lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ciwo ba. Gwaiwa aka yi min aiki. An yi lafiya, ba a ɗauke min komai ba, ga ni kuna gani. Kunya ce ta sa na ɓoye, na sa yaron nan ya faɗa muku abin da ba shi ne ba. Ku yafe min. Duk mai irin wannan, don Allah kada ya zauna da ita.”

Ni ina gefe da butar shayi a hannu, na rasa inda zan sa fuskata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da na yi shekara da shekaru ina tsoro ya faru a gabana, kuma babu wanda ya yi dariya. Wani dattijo ma cewa ya yi Allah Ya ƙara lafiya, aka ce amin, aka ci gaba da karatu. Laifina kuwa Baba ya ɗauke ya aza a kansa a gaban kowa, ni kuma na bar shi ya ɗauka. Da a ce na aje butar na ce ba haka aka yi ba, da an wuce wurin. Sai na ci gaba da zuba shayi.

Duk da haka na samo wa kaina abin lallashi. Na riƙa ce wa zuciyata ai tambaya kawai Baffa ya yi, irin ta amini. Mutumin da ya ɓoye abu shekara da shekaru, ko an gaya masa gaskiya ba lalle ya yarda ya je ba. Kwanansa ne ya ƙare. Na riƙe wannan da hannu biyu har sadakar arba'in.

Ranar ne na shiga cikin gida in gai da matar Baffa, wadda muke kira Gwaggo. Tana cikin takaba, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame. Na durƙusa daga nesa na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Na yunƙura zan tashi sai ta ce in zauna.

“Ka san ranar da ya je duba babanka, sai da ya sa na wanke masa kaya kala biyu na sa a jaka. Ya ce shi jikinsa ya ba shi ba ido aka je yi ba. Ya ce in dai ya tarar an yi wa babanka an tashi lafiya, to shi ma gobe zai bi ka Kano, a yi ta ta ƙare, ya gaji. Har guzuri na daka masa.”

Ta gyara lulluɓi.

“Da ya dawo sai ya ce in kwance jakar. Ya ce ashe ido ne. Ya ce Malam ma ya ce ba a taɓa wa tsofaffi wannan wurin.”

Ina jin kaji suna tono a bayana, ina jin wata yarinya tana jan guga a rijiya.

“Ni ban riƙe babanka ba,” in ji ta. “Kunya ce irin ta maza, na san ta, na zauna da ita a ɗakin nan shekara da shekaru. Kai kuwa ɗa ne. Abin da mahaifi ya ce ka faɗa shi za ka faɗa, ba ka da laifi ko kaɗan. Kada ka sa abin a ranka, ka ji?”

Ta tsaya tana jiran amsata. Maganar tana nan a bakina, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba: ba shi ba ne, Gwaggo, ni ne. Na dubi tabarmar, na dubi ƙafafunta, na haɗiye.

Na ce, “To, Gwaggo.”

Ta ɗaga hannu ta sa min albarka mai tsawo, ta roƙa min 'ya'ya masu yi min biyayya kamar yadda na yi wa mahaifina. Na shafa na ce amin.

Ta yi shekara huɗu bayan nan. Duk sallah ina zuwa gaishe ta, duk zuwa da niyyar yau zan faɗa. Har aka kai ta ban faɗa ba.